Amsa: Yaya Sukuma suke haɗa noma da kiwo?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda ƙauyukan Sukuma na Tanzaniya suke haɗa noma da kiwo ba tare da rigimar manomi da makiyayi ba. Amsar farko ita ce, a can manomin shi ne makiyayin. Mutum ɗaya ne ke shuka auduga, masara, dawa da shinkafa a yankunan Mwanza, Shinyanga da Simiyu, kudu da Tafkin Biktoriya, kuma shanunsa ne ke jan garma. Saniya ce bankinsa, da ita yake biyan sadaki, ita yake sayarwa idan damina ta yi gardama.

Abin da ya fi burge ni shi ne ngitili. Da damina akan keɓe wani fili, na gida ɗaya ko na gari duka, a hana dabba shiga har ciyawa da itatuwa su kama. Sai rani ya yi tsanani a buɗe. Wanda ya saci kiwo a ciki, dattawan gari su ci shi tara. Al'adar ta kusa mutuwa bayan an sare dazuzzuka, sai shirin gwamnati na kare ƙasa da dazuzzuka mai suna HASHI, wanda aka fara a 1986, ya farfaɗo da ita a Shinyanga.

Satar shanu kuwa ta addabe su, shi ya sa a farkon shekarun 1980 suka kafa 'yan sintiri da ake kira Sungusungu. Sun rage sata ƙwarai, amma an sha zarginsu da azabtar da waɗanda suka kama, kuma wannan ba abin yabo ba ne.