Ga 'yar'uwar da aka ce tana karanta littafin gumaka

Wallahi 'yar'uwa, ina gama karanta tambayarki sai na ajiye waya na yi shiru. Kin ce tun da kika fara karanta tatsuniyoyin Girkawa kike jin tunaninki na canzawa, a gida kuma an fara yi miki kallon mai wasa da imani, ko ki daina ko ki ci gaba. Ni ma an yi min, kuma har yau tabon bai ɓace ba.

Ina aji biyu a jami'a na aro Iliyad, doguwar waƙar yaƙi ta mawaƙin Girka Homa, daga laburare, fassarar Turanci, a bangonsa akwai hoton mutum-mutumi da hular yaƙi. Na zo hutu ana bikin 'yar gwaggona. Gwaggon ce ta ɗaga matashina ta gan shi. Ba ta kira ni gefe ba, ba ta tambaye ni mene ne a ciki ba. Sai da ta bari tsakar gida ta cika maƙil da mata ranar kamu, ta fito tana ɗaga shi sama, wai a zo a ga abin da boko ta koya wa 'yar Yaya, da gunki take kwana. Ta cusa shi a murhun da ake dafa shinkafar biki. Ina tsaye da faranti a hannu ina kallon bangon yana nannaɗewa. Wasu suka ɗauki salati, wasu na dariya a bayan mayafi. Mahaifiyata ba ta ce uffan ba, dangin miji ne, me za ta ce? Kuɗin abincina na wata biyu na haɗa na biya laburare, yaran layinmu kuma suka shekara suna ce min mai gunki. Abin da ya fi ƙona min rai, ita wannan gwaggon kowa ya san ba ta raba hanya da gidan 'yan duba, amma ni ce mushrika. Allah ya isa na yi ta ja a zuci, ban ɓoye miki ba.

Maganar imani kuwa, kwantar da hankalinki. Wanda ya karanta halin Zeyus, babban abin bautar Girkawan dā, maƙaryaci mai bin mata, matarsa Hera kullum cikin kishi kamar an yi mata kishiya jiya, ina zai ga abin bauta a nan? Su kansu Girkawan sun koka, masanin falsafarsu Aflatun cewa ya yi kada a riƙa ba yara irin waɗannan labaran. Kuma a zaurukanmu ana karanta waƙoƙin Jahiliyya, su Imru'ul Ƙaisi, don sanin Larabci, ba wanda ya ce malamin ya bar addini. Ibn Rushdi na Ƙurɗuba ya yi sharhin littafin Aristotil kan waƙa. Iliyad ɗin ma an buga ta da Larabci a Alƙahira tun 1904, fassarar Sulaiman al-Bustani. Da na san wannan a ranar! Ko da yake ba saurarata za ta yi ba.

Amma kin yi gaskiya, tunani yana canzawa, sai dai ba ta inda suke tsoro ba. Iliyad kan fushi aka gina ta. An ƙwace wa Akilis, gwarzon Girkawa, baiwar da aka ba shi a ganima, ya yi zuciya ya janye daga yaƙi, har amininsa ya sa sulkensa ya fita aka kashe shi. Ya koma ya kashe Hekto, ɗan sarkin maƙiya wanda ya kashe aminin nasa, ya ɗaure gawar a keken doki yana ja a ƙasa. A kashi na 24, na ƙarshe, tsoho Firiyam, sarkin birnin da ake yaƙa, ya shigo tantinsa da dare, ya sumbaci hannun da ya kashe masa ɗa, ya ce ya tuna da nasa uban. Suka zauna suna kuka tare. Mawaƙi Bagirke, amma da jana'izar maƙiyi ya rufe waƙarsa. Tun daga nan na kasa tsanar mutum gaba ɗayansa, kuma abin yana ba ni haushi wani lokaci.

Shekara shida ban taka gidan gwaggo ba. Da ɗanta ya rasu a hatsarin mota na je gaisuwa don kawai Baba ya matsa. Na same ta a kan tabarma duk ta zube, ta kama hannuna ta ƙi saki. Wannan tsohon ne ya faɗo min a rai, na yi kukan da ban shirya ba. Amma kar ki ɗauka ta ba ni haƙuri, har yau ba ta taɓa tayar da maganar littafin ba.

Ki sa wa naki bango da tsohuwar kalanda, ko ki karanta a waya. Kada ki yi musu da manya a taro, ba za ki ci ba. Ki kuma kula da kanki, don ni akwai lokacin da na fara jin na fi kowa a gidan, ina yi wa mahaifiyata bayani kamar 'yar firamare. Wannan ya fi Zeyus hatsari. In kin zo kan labarin Odifus, wanda ya gudu daga abin da aka faɗa masa ya je ya afka ciki, zai dagula miki lissafi kan ƙaddara. Ni sai da na yi sati ina juyi. Ƙaddararsu ba irin tamu ba ce, ki samu malamin da ba ya firgita da tambaya ki zauna da shi.

In Iliyad ta yi miki nauyi ki fara da Odisi, ɗayar waƙar Homa. Akwai inda jarumin labarin ya dawo gida bayan shekara ashirin cikin tsumma, tsohon karensa ya gane shi, ya kaɗa wutsiya ya mutu. Matarsa kuwa shekara uku tana saƙa da rana tana warwarewa da dare don ta jinkirta manema, shi kuma a shekarun nan bakwai a tsibirin wata mata ya yi su. Mu mata dai, ko a Girka.

Wace fassara ce a hannunki? Ni yanzu Iliyad biyu gare ni, ɗaya ina karantawa, ɗayar kuma a falo take a kan kantar ajiye kaya, daidai inda gwaggo ke zama in ta zo.