Kumburin da Lateks Ba Ya Gani

Wai me ya sa likita ya rubuta gwajin jini na hs-CRP alhali muna da kit ɗin CRP a firij? Kai yaro, ajiye wayar nan tukuna. CRP sinadari ne da ke ƙaruwa a jini in akwai kumburi a jiki, hs-CRP kuwa gwajinsa ne mai gano ko ɗan kaɗan.

Na firij ɗin lateks ne, ruwan gwajin da ke dunƙulewa in ya haɗu da CRP, amma ba ya dunƙulewa sai CRP ya kai wajen 6 mg/L. Shi kuwa kumburin da ke cin mai suga ko mai teɓa a ɓoye, ba zazzaɓi ba ciwo, a ƙasa da haka yake wasansa. A hs-CRP, ƙasa da 1 da sauƙi, 1 zuwa 3 tsaka-tsaki, sama da 3 a lura da zuciya. In ya haura 10, nemi maleriya ko wani ciwo da ke ci yanzu, a maimaita bayan mako 2. Ɗibar jini kam, in sai na koya maka, koma gida.

Wannan gwajin ne ya raba ni da likitan da ya fi kowa turo min mutane. Wani dila a Sabon Garin Zariya, mai tabon salla da zaƙin baki, ya ce zai kawo min riyajen, wato sinadarin gwajin, daga Legas, in biya gaba ɗaya. Na ba shi kuɗin da na tara na janareto. Kaya suka iso Kwangila cikin zafin Afrilu, kwalin ya jiƙe sharkaf, ƙanƙarar ciki ta zama ruwan ɗumi. Abin da ake ajiyewa tsakanin digiri 2 da 8! Ya dafa ƙirji ya ce yanzun nan ta narke. Ina wajen jana'iza, yaron da ke wurina a lokacin ya buɗe, ya tsallake kwantirol, gwajin da ke nuna ko riyajen na aiki, don kada ya makara kallon ƙwallo. Sakamako ya fita, kowa lafiya lau, har da dattijon da ƙafarsa ke ruwa. Likita ya aika jinin asibitin koyarwa na Shika, aka ga bambanci kamar sama da ƙasa. Na mayar wa mutane kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Dilan ya kashe waya, daga baya na hange shi a PZ cikin sabuwar mota, har da ɗago min hannu. Allah ya isa.

Kada kuma ka ce ESR, gwajin saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini a bututu, zai maye gurbin hs-CRP. Ƙarancin jini na ɗaga shi, sikila na danne shi, ga masu sikila nan birjik a garin nan. Bututun ya ɗan karkace kaɗan, lissafi ya tashi, ku kuwa a jikin taga kuke jingine shi.

Tashi ka duba zafin firij, tun safe aka ɗauke wuta.