Tsallaka Iyaka da Dabba ko Nama: Amsoshin Tambayoyin Manoma

Wani manomi ya aiko da tambaya cewa zai ƙaura zuwa wata ƙasa tare da karensa mai gadin gona, an kuma riga an yi wa karen allurar rigakafin cutar haukan kare, shin wannan ya wadatar?

Malam, allurar kaɗai ba ta wadatar ba, kuma abin da ya fi kayar da matafiya a bakin iyaka shi ne rashin yin abubuwan bi da bi kamar yadda doka ta jera su. Kafin ka yanki tikiti, fara tuntuɓar hukumar kula da lafiyar dabbobi ta ƙasar da za ka shiga, domin sharuɗɗanta ne za su yi aiki a kanka, ba na ƙasar da za ka bari ba. Ƙasashe da dama suna buƙatar a fara dasa wa kare ko kyanwa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lamba ta musamman, sannan a yi allurar bayan haka. Idan allurar ta riga na'urar, ƙasashen Tarayyar Turai ba sa lissafa ta, sai an sake. Ƙa'idarsu ita ce dabbar ta kai mako 12 da haihuwa kafin a yi mata allurar, a kuma jira kwana 21 bayan allurar farko. In kuwa daga ƙasar da ba ta cikin jerin waɗanda suka amince da su za a fito, sai an ɗebi jini bayan aƙalla kwana 30 da yin allurar, an auna ƙarfin garkuwar jiki a ɗakin gwajin da suka amince da shi, sannan a ƙara jiran wata uku. Amurka ma, tun daga watan Agustan 2024, ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba.

Wasu na ganin wannan tsanani ya yi yawa, ni kam ban ga laifinsa ba. Ƙwayar cutar tana iya kwanciya a jikin kare wata biyu ko uku yana ci yana wasa, babu alamar komai, kuma da zarar alamun sun bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasarinsu ta hanyar cizon kare. A wurin bincike jami'i zai shafa na'urarsa a wuyan karenka, lamba ta fito, ya gwada ta da wadda ke kan takarda ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren lamba guda ya isa a killace dabbar da kuɗin aljihunka ko a mayar da ita inda ta fito. Saboda haka ka sa likitan dabbobi ya karanta lambar a gabanka kafin ya sa hannu, kada kuma ka yi gaggawar karɓar takardar shaidar lafiya, domin wa'adinta gajere ne. Takardar shiga Turai kwana 10 kacal take yi kafin isowa.

Wata baiwar Allah kuma ta ce ita ba dabba za ta ɗauka ba, ɗan busasshen nama ne da cuku za ta kai wa 'yarta tsaraba, mene ne illar abin da aka riga aka sarrafa?

Hajiya, na fahimci niyyarki, amma shanya nama ko sa masa gishiri ko daskarar da shi ba duk ƙwayoyin cuta yake kashewa ba. Wadda ke haddasa zazzabin aladu na Afirka tana rayuwa watanni a cikin irin wannan nama. A shekarar 2001 cutar baki da kofato ta ɓarke a Ingila, bincike ya danganta farkonta da wata gona da ake ba aladu ragowar abincin da ba a dafa ba, kafin kuma a shawo kanta sai da aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6. Duk wanda ya taɓa ganin saniya tana zubar da miyau, harshenta ya ɗaye, ta kasa taka ƙasa, ya san girman asarar. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana matafiya daga yawancin ƙasashen waje shigo da nama ko madara ko cuku a cikin kayansu. Idan kina shakkar wani abu, ki bayyana shi da kanki ga jami'an kwastam. Galibi ƙwacewa kawai za a yi, alhali wanda ya ɓoye aka kama shi tara ce ke jiransa.

Tambaya ta ƙarshe daga mai son sayo rago ko bijimi daga waje don inganta irin garkensa.

Nan ba a maganar dabbar gida, harkar shigo da dabbobin kiwo ce, kuma takardar izini ake fara nema kafin a biya kuɗin dabba, haka nan ga ƙwan ƙyanƙyasa da maniyyin barbara. Ko da an sallame ka a iyaka, kada ka haɗa baƙon da garke a ranar da ya iso. Ware masa wuri na mako uku zuwa huɗu, da kwanon ruwansa da na abincinsa daban, ka riƙa duba shi a ƙarshe bayan ka gama da sauran, in ka ga zazzaɓi ko majina ko gudawa ka kira likita nan take.