Jam'iyya ɗaya ta kankane mulki, ko fita zaɓe na da amfani?

Malam, ka ce jam'iyya ɗaya ta daɗe tana ci a yankinku, shin bin layi ba wahalar banza ba ce? Ka fita ka jefa ƙuri'arka. A nan Gombe PDP ta riƙe kujerar gwamna daga 2003 zuwa 2019, sannan Inuwa Yahaya na APC ya karɓe ta.

Amma fa kada ka dangwala ka wuce gida. Ku tsaya a rumfa har a ƙirga a gabanku, a cike fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, wakilan jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafinsu. Wajen tattara sakamako ne aka fi yin aringizo, kuma ɗan takarar da ba shi da kwafin nan zai je kotu hannu rabbana.