Duwatsun Damagaram za su iya jawo girgizar ƙasa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mazaunin Birni ne a Damagaram. Duk lokacin da na ji labarin girgizar ƙasa a rediyo, sai in ji ƙauyukan kan dutse ne suka fi mutuwa. Mu ma ga mu a tsakanin duwatsu, gidajenmu na laka. Shin abin zai iya zuwa mana?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, dutse suna ya tara.

Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba, a tsattsage yake kamar fasasshiyar ƙwarya, kowane sashe yana matsawa kaɗan-kaɗan. Inda sassa biyu suke turereniya, nan ƙasa take tattarewa ta yi tsaunuka, kuma nan ne take ɓallewa farat ɗaya idan matsin ya yi yawa. Tsaunukan Atlas na Maroko haka suke, Afirka tana tura Turai. A daren 8 ga Satumba 2023 girgiza mai ƙarfin maki 6.8 ta auku a lardin Al Haouz, kudu da Marrakesh, ta kashe mutum kusan 3,000. Afganistan ma hakan ne, Indiya ce ke turo ta: a Yunin 2022 girgizar Paktika ta ci rai fiye da 1,000, alhali ƙarfinta kusan maki 6 ne kawai.

Me ya sa ƙauye ya fi jin jiki? Dubi ginin. Bango na dutse ne da aka liƙa da laka, ba ƙarfe, ba abin da ya ɗaure kusurwa da kusurwa. A sama ga itatuwa an lafta musu ƙasa mai kauri saboda sanyi. Bango irin wannan yana ɗaukar nauyi daga sama, amma da an kaɗa shi gefe da gefe sai ya buɗe, rufin ya sauko kan masu barci. Duka biyun da na ambata da dare suka zo. Sannan hanya ɗaya ce tak take hawa ƙauyen. Zaftarewar dutse ta toshe ta, masu ceto ba su isa ba sai bayan kwanaki, wanda ya karye ko yake zubar da jini ya riga ya cika.

To, duwatsunmu fa? Tsofaffi ne tukuf, sun sandare tun shekaru ɗaruruwan miliyoyi, iska da ruwa sun sassaƙe su har suka zama mulmulallu. Damagaram tana zaune can tsakiyar sashen Afirka, nesa da bakin tsaga. Ba na cewa Afirka ta Yamma ba ta taɓa motsi ba: Accra ta girgiza a 1939, Gine kuma a Disambar 1983 ta rasa mutane ɗaruruwa. Amma mu nan haɗarin kaɗan ne ƙwarai.

Ni abin da ke hana ni barci game da gidan lakarka, damina ce. Kai ɗan Birni ne, ka fi ni sanin yadda tsohon masallacin nan, da ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe a Satumbar 2024 bayan ruwan sama. Kafin hadari ya fara haɗowa, hau soro ka duba azara ko gara ta ci, ka gyara indararo, ka sabunta yaɓe, kar kuma ka bar ruwa ya kwanta a gindin bango.