An ba ni kula da bene a gidan kwanan ɗalibai, ya zan yi da mai tara baƙi a ɗaki?

Ƙanena, ka ce a benenku na Jami'ar Abdou Moumouni akwai ɗalibin da ke kwana da mutum huɗu a ɗakinsa, maƙwabta na kukan hayaniya. Kada ka fara da kai ƙara.

Je ka same shi bayan la'asar, ku biyu kaɗai, ka tambayi su wane ne baƙin. Sau da yawa sababbin ɗalibai ne daga Zinder ko Tahoua da ba su samu gado ba, haya a Harobanda, unguwar da jami'ar take a Yamai, kuma ta fi ƙarfinsu. Ka kore su cikin dare, ina za su nufa? Ka rubuta sunayensu, ku je tare ofishin kula da walwalar ɗalibai a nema musu mafita.

Hayaniya kuwa ba sassauci. Ku zauna da ƴan benen ku tsayar da lokacin kashe kiɗa, kowa ya ji da kunnensa. Resho da wayoyin wuta da aka jona barkatai kusa da katifa, ranar da ka gani a cire su.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗalibin da ba a jin motsinsa, ya daina zuwa resto, wato ɗakin cin abincin ɗalibai, ƙofarsa kullum a rufe. Ƙwanƙwasa masa yau, in ka ga ba lafiya ka raka shi wurin likita.