Tambaya da Amsa: Wa Ke Riƙe da Sansanonin 'Yan Karen a Iyakar Tailan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji a rediyo cewa wata ƙabila mai suna Karen ta shafe sama da shekara 40 a sansanonin gudun hijira a iyakar Tailan da Miyanma. Abin ya ɗaure mini kai. Wa ke ciyar da su tsawon wannan lokaci, kuma wa ke tafiyar da al'amuransu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka ji haka yake. Tun 1949 ƙungiyar KNU ta 'yan Karen ke gwabzawa da gwamnatin Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma. A 1984 farmakin soja ya kora dubban mutane suka tsallaka Tailan, kuma kwararar ta ƙaru bayan faɗuwar Manerplaw, hedikwatar KNU, a 1995. Yau sansanoni tara ne a jere a kan iyakar. Mafi girmansu Mae La, a lardin Tak. Akasarin mazaunansu 'yan Karen ne, sai wani da ke can arewa wanda 'yan Karenni, wata ƙabila dabam, suka fi yawa a ciki.

Tailan ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, don haka a hukumance sunan wuraren nan "mafakar wucin gadi". Wannan suna ba wasa ba ne, shi ya yanke yadda ake zama. Ba a yarda a yi ginin dindindin ba, sai gidan gora a kan dirkoki da rufin ganye, wanda kullum cikin gyara yake. Gobara kuwa idan ta tashi sai dai a yi ta kai: a 2013 wuta ta ci sansanin Ban Mae Surin, mutum sama da 30 suka rasu. Shekara da shekaru fita neman aiki laifi ne, wanda aka kama a waje yana iya fuskantar tsarewa ko a mayar da shi tsallake.

Batun ciyarwa, gamayyar ƙungiyoyin agaji da ake kira TBC ce ta ɗauki nauyin tun 1984. A da shinkafa ake aunawa, da mai, da gishiri, da gawayi, da ruɓaɓɓen kifin nan da suke miya da shi, wanda a wajensu ya zama kamar daddawa. Daga baya aka koma kati, uwargida ta je kantin da ɗan sansanin ke riƙe da shi ta zaɓi abin da take so. Sauran kuma a cike da lambun bayan ɗaki, da kaji, da saƙa, da kuɗin da 'yan'uwa ke aikowa daga Amurka ko Ostareliya, inda aka kai dubbai daga sansanonin tun daga 2005.

Amma inda nake so ka tsaya shi ne tambayarka ta biyu. Jami'in ma'aikatar cikin gida ta Tailan ne ke riƙe da ƙofa da tsaro. Abin da ke ciki, mazauna ne da kansu. Akwai Kwamitin 'Yan Gudun Hijirar Karen a saman sansanoni bakwai, da na 'yan Karenni a saman biyun da ke can arewa, kowane sansani da zaɓaɓɓen kwamitinsa, kowace unguwa da shugabanta. Su ke ƙidayar gidaje, su ke sasanta ma'aurata da maƙwabta. Har da aiki mafi ɗaci an bar musu: da tallafi ya ragu, su aka ce su tantance gidan da ya fi buƙata da wanda za a rage wa kaso. Ka ƙiyasta mai unguwa yana yanke wa maƙwabcinsa wannan hukunci, gobe kuma su haɗu a layin ɗiban ruwa.

Malaman makaranta 'yan sansanin ne, haka ma yawancin ma'aikatan asibiti da ungozomomi, kan ɗan alawus da bai taka kara ya karya ba. Ƙungiyar matan Karen na kula da masu jego, marayu da matan da aka ci zarafinsu. Akwai ɗakunan kwana na yaran da iyayensu ke turowa daga cikin Miyanma don karatu kawai, sai dai takardar shaidar da suke samu ba ta da ƙarfi a wajen shinge. A Mae La za ka ga coci, da wurin ibadar mabiya Buda, da masallatai, domin akwai Musulmi a can, da yawansu 'yan tireda. A watan Agusta kuma dattawa kan ɗaura wa yara farin zare a wuyan hannu, bikin da ake yi don kiran kurwa ta dawo gida da haɗa kan dangi.

A ganina raunin wannan tsari ɗaya ne: mutane sun iya riƙe kansu, amma aka hana su neman na kansu. Hakan ya fito fili a Janairun 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, asibitocin da ƙungiyar agaji ta IRC ke gudanarwa suka rufe kwatsam, marasa lafiya aka mayar da su gida, daga baya kason abinci ma ya zaftare. Sai a Agustan 2025 majalisar ministocin Tailan ta amince waɗanda ke da rajista su nemi izinin fita aiki. Masu shigowa bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Miyanma a 2021, da yawansu ba su cikin wannan rajista.